Yadda za ka daidaita gajiyar mai jifa da adalcin kwamfuta a wasan besbol na MLB The Show

Ƙorafi biyu ne ba sa ƙarewa a bakin masu karawa da kwamfuta a MLB The Show, wasan besbol ɗin da San Diego Studio na kamfanin Sony ke fitarwa duk shekara tun 2006. Na farko, wai mai jifansu da ya kai zango na shida hannunsa ya mutu, na kwamfuta kuwa har zango na takwas yana nan garau. Na biyu, wai duk sanda suka yi gaba da maki biyu ko uku sai kwamfuta ta ga dama ta farke a zango guda. Wanda ya saba buga ƙwallon ƙafa a PlayStation ya san irin wannan zargi, cewa na'ura ta riga ta rubuta wanda zai ci tun kafin a take wasa. A ganina ƙorafin nan biyu tushensu ɗaya ne: hannu biyu ne ke jifa a fili, amma ba nauyi ɗaya ake ɗora musu ba, kuma yawanci mai riƙe da abin bugawa ne ke jawo hakan. Ana iya gyarawa, sai dai gyaran yana da tsari, kuma saiti ba shi ne farkonsa ba.

Ga wanda bai daɗe da fara wasan ba, ga abin da za mu yi ta ambato. Wasa zango tara ne. A kowane zango ƙungiya ɗaya na jifa ɗaya na duka, sai an fitar da mutum uku sannan a juya. Mai jifa yana tsaye a kan tudu, mita 18.44 daga mai gora. Akwati shi ne yankin da ke gaban mai gora, daga gwiwa zuwa ƙirji, inda ake son jifa ya bi. Sitiraik uku, wato jifan da ya ratsa akwati bai doka ba ko wanda ya kai wa duka ya kuskure, sun fitar da mai gora. Bol huɗu, wato jifan da ya kauce wa akwati kuma bai kai masa duka ba, sun ba shi tashar farko kyauta, cikin tashoshi huɗu da ake zagayawa a ci maki. Masu gora tara ne a jere, idan na tara ya gama sai a koma kan na ɗaya. Wanda ya fara jifa shi ne mai buɗe wasa, waɗanda ke karɓarsa 'yan canji ne, na ƙarshensu kuma mai rufewa.

Mataki na farko: san abin da ake yi a filin gaske

Ba za ka ce wasa ya karkace ba sai ka san yadda miƙaƙƙe yake. A gasar MLB ta Amurka ƙungiyoyi 30 ne, kowacce na buga wasa 162 a kaka. Masu buɗe wasa biyar ne ke karɓa-karɓa, kowa ya huta kwana huɗu tsakanin fitowa da fitowa. Jifa 100 shi ne iyakar da kociyoyi suka saba sa wa ido, amma a 'yan shekarun nan yawancin masu buɗewa ba sa ma kaiwa can. Matsakaicinsu zango biyar ne da ɗan ɗoriya. A 1968 Bob Gibson na St. Louis shi kaɗai ya jefa wasa 28 daga farko har ƙarshe ba a canza shi ba. A 2024 duk masu jifan gasar, an haɗa su gaba ɗaya, wasa 28 suka kammala. Don haka idan mai jifanka ya fara sanyi a zango na shida, ba cutarka aka yi ba, besbol ɗin yau ke nan.

Sauran alƙaluman da za ka riƙe ba su da yawa. Kowane mai gora yana ganin jifa kusan huɗu kafin a gama da shi, ƙasa da huɗun kaɗan. Zango guda yana cin jifa 16 zuwa 17. Kusan kashi 64 cikin ɗari na jifa sitiraik ne. Ƙungiya na samun tasha kyauta kamar sau uku a wasa, ana fitar da masu gorarta da sitiraik sau takwas zuwa tara, tana cin maki huɗu zuwa biyar. Cikin ƙwallo goma da aka doka suka faɗa cikin fili, kusan uku ne ke tsira, sauran ana kamawa.

Mataki na biyu: kulle saiti, ka ɗauki biro

Kada ka taɓa ma'auni ko ɗaya tukuna, wato ɗigogin saiti da ke ƙara ko rage ƙarfin jifa da duka da juriya. Bar su duka a tsakiya, a kan 5, yadda suka zo. Abin da za ka gyara kawai shi ne abubuwan da ke ɓata awo. Kashe Dynamic Difficulty, domin aikinsa ke nan ya ƙara wuya idan kana ƙoƙari ya sassauta idan kana shan kashi, kuma mutane da yawa da ke kukan kwamfuta ta canza musu fuska a tsakiyar wasa wannan ne a kunne. Zaɓi matakin wuya guda ka tsaya a kai, Veteran ko All-Star ga yawancin mutane, kuma ka tuna matakin duka daban yake da matakin jifa, ba dole su zama ɗaya ba. Kashe Quick Counts, tunda shi yana tsallake jifan farko-farko ya fara maka lissafin bol da sitiraik daga tsakiya. Salon wasa ka sa Simulation, inda ƙwarewar ɗan wasan da ke fili ta fi tasiri. Sannan ka buga zango tara cikakku a cikin Franchise, salon da kake jagorantar ƙungiya kaka bayan kaka, domin a can ne gajiyar jiya ke bin mutum zuwa yau.

Buga wasa goma sha biyar zuwa ashirin a haka. Bayan kowane wasa ka buɗe takardar sakamako ka rubuta, na ɓangarenka da na kwamfuta: jifa nawa mai buɗewa ya yi, zango nawa ya kai, masu gora nawa ya fuskanta, sitiraik nawa bol nawa, tasha kyauta nawa, maki nawa kuma a wane zango aka ci su. Minti biyu ne aikin. Na san mutane na ƙyashin wannan mataki, suna son su je kai tsaye su kwafi saitin wani, amma saitin wani an yi shi ne don hannun wani. Ƙwaƙwalwa kuma ba shaida ba ce a nan. Wasan da aka farke maka maki huɗu zai zauna maka a rai mako guda, goman da ka riƙe nasararka lami lafiya ba za ka tuna su ba.

Mataki na uku: gorarka ce ke hutar da mai jifan kwamfuta

Nan ne mafi yawan matsalar take, don haka zan ɗan daɗe a kai. Gajiya a wasan nan jifa take bi, ba zango ba. Raba jifan mai buɗewar kwamfuta da adadin masu gorar da ya fuskanta. Idan ka samu abin da ya kusa huɗu, madalla. Amma ɗan adam da abin bugawa a hannu ba shi da haƙuri, yawanci jifan farko ko na biyu ya kai duka. A ce kana ganin jifa biyu da rabi a kowane zuwa. Mai jifan da ya fuskanci mutum 27 ya yi jifa 68 ke nan. Kwamfuta kuwa, da take jira tana cin jifa kusan huɗu, mutum 27 ɗin nan sun sa naka ya haura 100. Duka biyun sun zagaya jerin masu gora sau uku, ɗaya ya jiƙe sharkaf ɗaya ko gumi bai yi ba. Babu maguɗi a ciki, kai ka ba shi hutun.

Gyaran ɗabi'a ce, kuma sai an yi ta da gangan. A zango uku na farko kada ka kai wa jifan farko duka sai in ya zo daidai inda ka ajiye ido. Ka zaɓi yanki guda na akwatin tun kafin ya ɗaga ƙafa, misali ciki-ciki daidai ƙugu, duk abin da bai zo nan ba ka bar shi ya wuce ko da alƙali zai kira sitiraik. Idan lissafi ya kai bol biyu babu sitiraik, ko bol uku sitiraik ɗaya, kai ke da iko, shi ne dole ya kawo ƙwallo cikin akwati, saboda haka ƙara matse yankin naka. Idan kuwa an yi maka sitiraik biyu, sai ka koma kare kai: yi amfani da dukan taɓawa maimakon na ƙarfi, duk jifan da ke bakin akwati ka ture shi fawul, wato ya faɗa wajen layin fili, tunda fawul bayan sitiraik biyu ba ya fitar da kai, amma kowane ɗaya jifa ne da ya fita daga hannunsa.

Za ka ga an fitar da kai kana tsaye sau da yawa a makon farko, kuma abin zai yi maka ciwo. Ka daure. Abin da kake nema shi ne mai buɗewar kwamfuta ya kai jifa 50 kafin a gama zango na uku, ko 80 a na biyar. Da zarar haka ta fara faruwa za ka ga kociyan kwamfuta yana tashin 'yan canji, za ka fara haɗuwa da na tsakiyar benci waɗanda ba su kai mai buɗewa ko mai rufewa ba. A kansu ake cin maki a besbol na gaske ma.

Mataki na huɗu: karanta gajiyar naka kafin allo ya faɗa maka

Wasan yana nuna sanda biyu a gefen mai jifa, ta kuzari da ta ƙwarin gwiwa. Ta kuzari tana raguwa da kowane jifa, saurin raguwarta kuma ya danganta da makin juriyar da aka ba ɗan wasan. Ta ƙwarin gwiwa tana hawa idan yana samun sitiraik yana fitar da mutane, tana sauka idan ana dukansa ko yana raba tasha kyauta. Kowane nau'in jifa ma yana da nasa ƙwarin gwiwar. Haɗarin shi ne idan biyun suka sauka tare: gajiya ta sa jifa ya kauce, kaucewa ta jawo duka, duka ya karya gwiwa, karyewar gwiwa ta ƙara kaucewa. Abin da mutane ke kira farkewar kwamfuta sau da yawa wannan gangara ce.

Kada ka jira sandar ta ƙare. Alamun suna zuwa kafin nan. Dubi gudun ƙwallo da ake rubutawa bayan kowane jifa. Mutumin da ya buɗe wasa da mil 96 a awa, idan ya koma 93 yana maimaitawa, ya fara sauka. Dubi kuma inda ƙwallo ke sauka idan ka yi komai daidai. Ka auna ƙasan akwati ta waje, hannunka bai yi kuskure ba, amma sai ka ga mai cafewa ya ɗago safar hannunsa zuwa tsakiya don ya tare. Jifa mai lanƙwasa da ya kamata ya nutse cikin ƙasa sai ya tsaya daidai ɗamarar mai gora. Masu gorar da ɗazu ke dukan iska yanzu suna ture ƙwallo fawul, fawul ɗin kuma yana komawa baya kai tsaye, alamar sun kama lokacinsa, saura kaɗan su same shi a tsakiyar gora. Idan ka ga biyu daga cikin waɗannan a zango guda, wani ya tashi ya fara ɗumama hannu.

Yaushe za a cire shi? Kociyoyin gaske ma wannan tambaya ta ci wasunsu. A watan Oktoban 2003, wasa na bakwai tsakanin Boston Red Sox da New York Yankees, wanda ya ci shi zai je World Series, karawar ƙarshe ta ɗaukar kofin MLB. Pedro Martínez, mai buɗewar Boston, ya kammala zango bakwai, Boston na gaba, aka shiga rabin ƙarshe na zango na takwas da ci 5 da 2. Derek Jeter na Yankees ya doka ya kai tasha ta biyu, Bernie Williams ya doka ya shigar da shi. Kociyan Boston Grady Little ya taka har tudu, kowa ya ɗauka cire shi zai yi, sai ya bar shi ya koma. Hideki Matsui ya doka, Jorge Posada ya doka, ci ya zama 5 da 5. Martínez ya sauka da jifa 123, Yankees suka ci a zango na 11 da dukan Aaron Boone, Little kuma bai sake jagorantar Boston ba. Shekara 17 bayan haka aka ga kishiyar wannan. A wasa na shida na World Series a 2020, Blake Snell na Tampa Bay ya fitar da mutum tara da sitiraik, jifansa 73 kacal, suna gaba da 1 da 0 a zango na shida. Koci Kevin Cash ya cire shi saboda jerin masu gorar abokan karawarsu Los Angeles Dodgers zai zagayo karo na uku. Wanda ya karɓe shi, Nick Anderson, ya riga ya sha aiki a wasannin baya. Nan take ci ya juye, Dodgers suka ɗauki kofi da 3 da 1.

Abin da nake ɗauka daga waɗannan biyun shi ne tambayar ba ta tsaya ga ko mai jifa ya gaji ba. Tambayar ita ce wa ya fi a wannan minti, shi a gajiye ko wanda zai karɓe shi a yadda yake yau. Don haka kafin a fara wasa ka buɗe jerin 'yan canjinka ka ga kuzarin kowa. Idan manyan biyunka sun yi jifa jiya da shekaranjiya, mai buɗewa zai ɗan ƙara ɗaukar kaya. Idan benci a cike yake da hutattu, babu dalilin barin mai jifa 90 ya fuskanci tsakiyar jeri karo na uku alhali tazarar maki ɗaya ce.

Ɗumama hannu yana cin lokaci, kuma nan ake yawan makara. Ɗan canjin da aka jefa fili da sanyin hannu ba ya iya sarrafa ƙwallo, wanda aka bari yana ta ɗumi zango biyu kuma ya ƙona kuzarinsa a banza. Ka tashe shi idan mai buɗewa ya haura jifa 75 zuwa 80, ko da zarar mutum biyu sun hau tasha daga zango na biyar zuwa sama. Idan ya shirya ba ka buƙace shi ba, sa shi a jira. Idan wuta ta kama mai buɗewa kuma ɗan canjin bai gama shiri ba, tura koci tudu, ziyarar tana saya maka lokaci. Ka tuna da dokar da aka kawo a 2020: wanda ya shigo sai ya fuskanci mutum uku ko ya ƙare zangon. Kafin ka kira mai jifa da hagu saboda mai gora guda, dubi biyun da ke bayansa.

Mataki na biyar: gwada zargin maguɗi da kanka

Fara da lissafi. A ce kowane mai gora yana hawa tasha sau 32 cikin zuwa ɗari, kusan matsakaicin gasar ke nan. Yiwuwar mutum huɗu su hau a jere kusan ɗaya ce cikin 95. Kamar abu mai wuya, amma ƙungiya na zuwa duka kusan sau 38 a wasa, don haka irin wannan jeri zai faɗo maka kamar sau ɗaya a wasa huɗu ko da babu wanda ya gaji. Yanzu a ce gajiya ta ɗaga 32 ɗin zuwa 38. Yiwuwar ta koma ɗaya cikin 48, ta ninka. Ƙaramin sanyi a hannu ya isa ya sa zango mai zafi ya yawaita, kuma a ƙarshen wasa zai yawaita, daidai lokacin da kake gaba kana ƙirga sauran mutanen da za ka fitar. Akwai kuma makin Clutch da kowane ɗan wasa ke da shi, wanda ke shiga lissafi idan akwai mai gudu a tasha ta biyu ko ta uku. Mai jifan da nasa ya yi ƙasa zai fi shan wuya a irin wannan hali, kuma a rubuce yake a katinsa tun kafin wasa.

Sai ka duba kanka. Dakatar da wasa ka buɗe shafin nazarin mai jifa, inda ake nuna kowane jifa da inda ya sauka. Mutane da yawa idan suka shiga matsi jifa biyu suke komawa, wuri guda: mai gudu a sama, mai lanƙwasa a ƙasa ta waje. Wasu kuma tsoron ba da tasha kyauta ke sa su tura komai tsakiya da zarar sun yi gaba. Daga All-Star zuwa sama kwamfuta ba ta yafe ƙwallon tsakiya. Idan ka duba makin da aka ci ka a zangunan ƙarshe ka ga yawancinsu daga tsakiyar akwati suka fito, ka samu amsarka.

Idan har yanzu zuciyarka ba ta kwanta ba, akwai gwaji biyu. Ɗauki ƙungiyoyi biyu masu ƙarfi kusan ɗaya, ka buga wasa goma da ta farko, sannan ka juya ka buga goma da ta biyu, da masu buɗewa iri ɗaya. Idan mai jifan da ke kaiwa zango na takwas a hannun kwamfuta ya dawo hannunka yana mutuwa a na shida, kwatanta adadin jifan da ya yi kafin sandarsa ta kai rabi a hali biyun. Adadin jifa za ka kwatanta, ba zango ba. Gwaji na biyu, ajiye abin bugawa a tsakiya, wato kada ka zaɓi ɓangare, ka bar kwamfuta ta kara da kanta wasanni da dama, ka rubuta alƙaluma iri ɗaya. Abin da ya fito nan shi ne halin injin wasan ba tare da hannunka ba. Duk bambancin da ke tsakaninsa da takardarka ta mataki na biyu, daga wurinka yake.

Mataki na shida: yanzu ka taɓa ma'aunai

Ma'auni ɗaya, ɗigo ɗaya, wasa goma, sannan ka sake dubawa. Mai miyar da ta ƙara gishiri da barkono da daddawa a lokaci guda ba za ta san wanne ya gyara ko ya ɓata ba. Kuma akwai tsarin da ya kamata a bi, domin wasu ma'aunan suna jan wasu.

Fara da adadin jifa, ba da juriya ba. Idan ka gyara haƙurinka amma sitiraik ɗin kwamfuta yana haura kashi 70 cikin ɗari, rage CPU Strike Frequency, wanda ke sa ta yawan kawo ƙwallo cikin akwati a farkon lissafi. Idan har yanzu ba ka samun tasha kyauta, rage CPU Pitcher Consistency ɗigo ɗaya don jifanta ya riƙa kaucewa. Idan zuwanka duka yana ƙarewa da wuri duk da haƙuri, ƙara Foul Frequency na ɓangarenka. A ɗaya gefen, idan kai ne ba ka taɓa ba da tasha kyauta, wasa biyar babu ko ɗaya, to kai ke cin bulus, sai ka rage naka Pitcher Control ko Consistency. Mutane ba sa son jin wannan, amma adalci ya haɗa da inda kai ka fi ƙarfin kwamfuta.

Sai jifan ɓangare biyu ya kusanci juna sannan ka zo kan Starter Stamina. Abin nema shi ne mai buɗewa matsakaici ya fara nuna gajiya tsakanin jifa 85 da 100, gwani kuma ya iya haura 100 a ranar da yake ganiyarsa. Shawarata da ba na sassautawa a kai ita ce lambar da ka sa wa naka ita za ka sa wa na kwamfuta. Idan ka ɗaga naka zuwa 7 ka bar nata a 5, ba gyara ka yi ba, ka sauƙaƙa wa kanka wasa ne kawai. Haka Reliever Stamina: ɗan canji na zango guda ya kamata ya fara sanyi idan ya haura jifa 25 zuwa 30.

CPU Manager Hook shi ne saurin kociyan kwamfuta wurin cire mai jifa. Idan yana barin mutum a tudu ana dukansa har maki bakwai, ɗaga shi. Idan yana cire wanda ke jifa lafiya a zango na huɗu, sauke shi. Wannan ma'auni da na juriya suna tafiya tare, don haka kada ka motsa su a zama ɗaya. Ma'aunan dukan kwamfuta, su Contact da Power da Timing da Solid Hits, su ne na ƙarshe, kuma sau da yawa idan ka iso nan za ka tarar ba sa buƙatar taɓi. Idan bayan wasa ashirin kwamfuta na cin maki shida zuwa bakwai a kowane wasa, gara ka sauko da matakin jifa ɗaya da ka yi ta yanke mata ƙarfi ɗigo-ɗigo har masu gorarta su daina kama da na gaske.

Mataki na bakwai: dokokin da za ka ɗaure kanka da su

Akwai abubuwan da wasan ke bari amma kociyan gaske ba zai yi ba, kuma kwamfuta ma ba ta cika yi. Mai rufewa kada ya fito kwana uku a jere. Ɗan canjin da ya haura jifa 30 ya huta gobe. Mai buɗewa ya cika kwana huɗunsa ko da sandarsa ta nuna ya kusa cika. Ƙungiya tana da 'yan wasa 26, masu jifa ba sa wuce 13, saboda haka ka ware mutum guda mai dogon numfashi don ranar da aka fatattaki mai buɗewa tun zango na biyu. A irin wannan rana ka bar shi ya sha zango uku ko huɗu, ko da wasan ya tafi, don ka tsira da sauran benci zuwa gobe. Kaka mai wasa 162 ba a cin ta da ƙona hannu shida a wasan da aka ba ka tazarar maki takwas.

Idan ka lura ƙungiyoyin kwamfuta suna zuwa maka da jerin masu jifa a hargitse, mai rufewa a matsayin ɗan tsakiya ko gwani a ƙasan jeri, fara Franchise ɗinka da ikon sarrafa ƙungiyoyi 30 ɗin duka, ka bar komai nasu a hannun kwamfuta, kai dai ka riƙa leƙawa kafin kowace karawa kana mayar da kowa gurbinsa. Ka gyara musu yadda za ka gyara wa kanka.

Masu buga Out of the Park Baseball, wani wasan besbol na daban wanda Markus Heinsohn ya fara fitarwa a 1999, aikinsu ya fi sauƙi ta wannan fuska, tunda a can ba hannunka ke jifa ko duka ba, kai koci ne ko manaja. Matsalar haƙurin gora ba ta taso ba. Abin dubawa shi ne saitin zamani na gasar, wato juriyar masu jifa da yawan masu buɗewa da yawan amfani da 'yan canji, ya dace da shekarar da kake bugawa, domin kakar 1968 da ta 2024 ba hannu iri ɗaya suke nema ba. Daga nan sai ka shiga dabarun ƙungiya ka saita saurin cire mai buɗewa, ka sa wa matasa da waɗanda suka dawo daga rauni iyakar jifa, ka bar kaka guda ta gudana da kanta, ka kwatanta alƙalumanta da na shekarar gaske kafin ka fara taka kakar.